Yadda ake komawa Windows 11 ba tare da firinta ta tsaya ko fayiloli sun ɓace ba

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10, shi ya sa masu shagunan buga takardu da ofisoshi da ɗalibai ke ta komawa Windows 11. Galibi ɗora ta ba ya wuce awa ɗaya zuwa biyu. Kukan sai washegari yake tashi: firinta ta ƙi motsi, Wi-Fi ya ɓace, manhajar lissafin shago ta buɗe fayau babu sunan kwastoma ko ɗaya. Kusan duk wannan ana iya tare shi tun tsohuwar Windows tana raye.

Duba na'urar, sannan ka zaɓi hanya

Windows 11 na buƙatar TPM 2.0 (ɓangaren tsaro na cikin na'ura), UEFI (sabon tsarin tada kwamfuta) mai iya Secure Boot, RAM 4GB da wurin ajiya 64GB, da kuma farosesa daga Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Manhajar PC Health Check za ta gaya maka a minti ɗaya. Wannan 4GB ɗin a takarda ne kawai, kada ka soma da ƙasa da 8GB. Idan msinfo32 ta nuna BIOS Mode a matsayin Legacy, sai an juya faifan zuwa GPT da mbr2gpt kafin a sauya zuwa UEFI.

Hanya biyu ce: ɗorawa a kan tsohuwar, ko goge komai a sa sabuwa fil. Idan kwamfutar aiki ce mai manhajoji da yawa, ka ɗora a kai, domin direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta gane firinta da sauran na'urori) da foldodi suna zama inda suke. Wanda Windows ɗinsa 32-bit ce ba shi da wannan zaɓin, Windows 11 64-bit kaɗai take zuwa, dole sai an goge.

Ga inda da yawa ke faɗawa. Microsoft na da ISO, wato fayil ɗin da ake ɗora Windows da shi, na Turanci iri biyu, English United States da English International. Idan wanda ka sauke bai yi daidai da harshen da aka fara saka Windows ɗinka da shi ba, zaɓin Keep personal files and apps zai dushe, ya ƙi dannuwa. Mai gaggawa sai ya danna Next abinsa, ya wayi gari ba manhaja ko ɗaya. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator ka rubuta:

dism /online /get-intl

Layin Default system UI language za ka duba: en-US na nufin na Amurka, en-GB kuma International. Fayil ɗin ya haura 5GB, asarar data ce babba ka sauke shi sau biyu.

Kwashe direbobi tun da sauran haske

Sa filash, ka buɗe folda a ciki, a ce E:\Direbobi, ka rubuta:

pnputil /export-driver * E:\Direbobi

Wannan zai kwashe direbobin da ke cikin na'urar, har da na tsohuwar firinta da sikana waɗanda wataƙila kamfaninsu ya daɗe da cire su daga shafinsa. Bayan ka gama saka sabuwar Windows, ka mayar da su da:

pnputil /add-driver E:\Direbobi\*.inf /subdirs /install

Amma direban 32-bit ba ya aiki a Windows 64-bit ko kusa, don haka mai fitowa daga 32-bit sai ya nemo sababbi. Idan firintar ba ta da direban 64-bit, a bar ta a jikin tsohuwar kwamfuta, ko a fara tara kuɗin wata.

Direbobi biyu ka ajiye daban. Na farko na Wi-Fi ko na waya, saboda Windows 11 tana neman intanet tun a wurin saiti, kuma idan ba ta gane katin ba, nan za ka tsaya cak. Idan hakan ta faru, haɗa wayar Android da kebul ka kunna USB tethering, yawanci yana fitar da mutum. Na biyu shi ne Intel RST, direban faifai, ga laptop masu Intel zubi na 11 zuwa sama. Ba tare da shi ba, shafin zaɓen faifai zai fito wayam, mutum ya ɗauka SSD ɗinsa ya ƙone. Danna Load driver ka nuna masa foldar, faifan zai bayyana.

Duk abin da ya fito da alamar rawaya a Device Manager, shiga Properties, Details, Hardware Ids. Lambar da ke bayan VEN_ ita ce ta kamfanin: 8086 Intel, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 10DE NVIDIA, 1002 AMD. Da ita da lambar DEV_ za ka nemo direban a shafin HP ko Dell ko Lenovo. Kada ka kusanci manhajojin nan masu alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, sun fi kawo shuɗin allo da tarkacen talla. Idan kuma direba ya shiga amma Windows ta ƙi loda shi, duba Memory integrity a ƙarƙashin Core isolation, shi ke tare tsofaffin direbobi. Neman sabon direba ya fi kashe Memory integrity.

Adireshin fayil, inda ɓarnar ta fi yawa

Manhaja ba ta san fayil da fuska ba, adireshinsa ta haddace, irin C:\Users\Shago\Documents\Lissafi. Harafi ɗaya ya sauya, a wurinta fayil ɗin ya ɓata, ko da yana nan lafiya lau. Shi ya sa Excel ke cewa ta kasa sabunta mahaɗai, Premiere ta rubuta Media Offline, gajerun hanyoyin da ke kan allo su mutu. Kafin ka taɓa komai, ɗauki biro da takarda ka rubuta ainihin sunan foldarka da ke cikin C:\Users, da harafin kowane faifai, da inda kowace manhajar aiki ke ajiye bayananta.

Sunan folda shi ne na farko da ke sauyawa. Idan ka goge ka saka sabuwa, ka shiga da asusun Microsoft, Windows za ta yanki haruffa biyar na farkon imel ɗinka ta raɗa wa foldar. Imel ɗin da ya fara da abdullahi zai ba ka C:\Users\abdul, alhali duk ayyukanka Shago suka sani. Kada ka sauya sunan foldar da hannu, asusun zai rikice. Ko dai ka buɗe sabon asusu na cikin gida mai tsohon sunan daga Settings, Accounts, Other users, ka koma can da aiki, ko ka yi gada:

mklink /J C:\Users\Shago C:\Users\abdul

Daga nan duk manhajar da ta nemi tsohon adireshi za a kai ta sabon. Sabon asusun ya fi tsafta, gadar ta fi sauri.

Sai OneDrive. A lokacin saiti takan ɗauke Desktop da Documents da Pictures ta mayar da su ƙarƙashinta, adireshi ya koma C:\Users\Shago\OneDrive\Documents. A ido ba ka ganin bambanci, amma manhajar da ta haddace tsohon wuri za ta tarar da folda babu komai. Ga shi 5GB kawai take bayarwa kyauta, tana kuma shan data a ɓoye wajen tura hotuna sama. Fayil ɗin .pst na Outlook da rumbun bayanan manhajar lissafi ba su dace da zama a cikinta ba sam, domin tana kama fayil ana tsakar rubutu a cikinsa. Shiga saitinta, Sync and backup, Manage backup, ka kashe. Ka kuma duba da idonka, kashewa ba lallai ya dawo da fayilolin ba, sau da yawa sai ka kwaso su da kanka.

Harafin faifai shi ma yana yawo. Faifan da ka sani da D: zai iya komawa E: saboda filash ɗin da ka saka Windows da shi ya riga shi kama wurin. Cire filash, buɗe diskmgmt.msc, ka mayar wa kowa harafinsa kafin ka buɗe manhaja ko ɗaya.

Akwai wuraren da masu kwafe Documents kaɗai ba sa kaiwa. Foldar AppData a ɓoye take, kuma a cikinta akwai saitunan manhajoji da bayanan burauza. Rubuta %LOCALAPPDATA%\VirtualStore a File Explorer: tsofaffin manhajojin da ke ƙoƙarin rubutu a cikin Program Files, nan Windows ke karkatar da bayanansu ba tare da sun sani ba, kuma lissafin shekaru na iya kasancewa a wurin. Masu zanen kati da fosta su kwashe salon haruffansu daga C:\Windows\Fonts da kuma %LOCALAPPDATA%\Microsoft\Windows\Fonts, in ba haka ba CorelDRAW za ta musanya rubutun aikin kwastoma da wani daban.

Wajen kwafewa, ja da sauke na File Explorer yakan tuntuɓe idan adireshi ya haura haruffa 260. Foldar Windows.old kaɗai tana ƙara haruffa 12, OneDrive 9, don haka fayil ɗin da jiya yake buɗuwa yau zai iya ƙi. Yi amfani da wannan zuwa faifan waje:

robocopy C:\Users\Shago F:\Ajiya /E /XJ /R:1 /W:1

Kada ka manta /XJ, shi ke hana kwafin zagaye a wuri ɗaya har faifai ya cika.

Abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye: haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Windows da Word suna karanta su lafiya, amma tsofaffin manhajoji da ba su san Unicode ba suna mayar da su alamar tambaya, su ce babu foldar. A cikin takarda ka rubuta Hausarka daidai. Sunan asusu da na foldar aiki kuwa, bar su da haruffa marasa lanƙwasa.

Manhajoji da sauran abin da ya rage

Manhajar 32-bit tana aiki, sai dai mazauninta ya koma Program Files mai x86 a ƙarshen suna. Ta 16-bit ba ta tashi ko kaɗan. Internet Explorer babu, sai IE mode a cikin Edge. An cire WordPad tun daga zubin Windows 11 mai suna 24H2. Wadda ta nemi .NET Framework 3.5, kunna shi a Windows Features. Fotokwafi mai tura sikanin zuwa folda idan ta daina, galibi SMB1, tsohuwar hanyar tura fayil tsakanin na'urori, take nema, kuma sabunta manhajar cikinta ya fi kunna shi aminci. Manhaja mai lasisi, cire rajistarta kafin ka goge, ka cire riga-kafin bairos na wani kamfani kafin ka ɗora.

Rubuta manage-bde -status. Idan BitLocker, makullin da ke kulle bayanan faifai, a kunne yake, kwafe mabuɗinsa mai lambobi 48 a takarda. Jona caja, kuma kada ka fara da kwamfutar tebur idan babu UPS ko janareta a kunne.

Wanda ya ɗora a kai yana da kwana 10 na komawa Windows 10 ta Recovery, Go back. Ƙara wa'adin a ranar farko:

dism /online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Kada ka bar Disk Cleanup ya share Windows.old sai ka buga takarda ɗaya, ka yi sikanin ɗaya, ka buɗe manhajar lissafi ka ga cinikin ranar ƙarshe yana nan.