Kurakuran da ke hana tseren akori-kura masu dizal bunƙasa, da yadda za a gyara su

A farkon shekarar 2021, a filin South Georgia Motorsports Park da ke jihar Jojiya ta Amurka, Larson Miller ya tuƙa wata ƙaramar akori-kura ta garejin Firepunk Diesel, ya cinye mita 201 cikin daƙiƙa 3.998. Kafin wannan rana babu wata mota mai shan dizal da ta taɓa sauka ƙasa da daƙiƙa huɗu a wannan tazara. Duk mai bin wasan ya yi murna, ni ma na kalli bidiyon ya fi a ƙirga. Sai dai murnar ba ta hana ni ganin abin da ke damuna ba: saman wasan yana ta yin tsawo, gindinsa kuwa bai yi kaurin da zai ɗauki wannan tsawo ba.

Ga wanda bai san wasan ba, tsere ne na gajeren zango a miƙaƙƙiyar hanya. Motoci biyu ke jerawa, a kunna musu fitila, su fizga. Tazarar ko dai kwatan mil, wato mita 402, ko rabin hakan. Injina uku ne ke riƙe da fagen: Cummins da ya shiga akori-kurar Dodge a 1989, Power Stroke na Ford da ya fito a 1994, sai Duramax na General Motors da ya zo a 2001. Motoci ne da aka ƙera domin jan tirelar shanu da kayan gini, masu su suka mayar da su dawakin sukuwa. Wannan asali shi ne ƙarfin wasan, kuma mantawa da shi ne tushen mafi yawan kurakuran da zan zayyana.

Mantawa da mai motar aiki

Masu shirya gasa sun fi son manyan azuzuwa, su Pro Mod da Pro Street na motocin da aka gina musamman domin tsere, domin su ke jawo kyamara. A nan ake zuba kuɗin kyauta, a nan mai sanarwa ke ɗaga murya. Amma mutum nawa ne zai iya gina irin waɗannan motoci? Ƙalilan ne, yawancinsu ma masu gareji ne da ke tallata sana'arsu. Wanda ke cika fili shi ne manomi ko ɗan kwangilar da ya zo da motar da yake zuwa aiki da ita, ya sauke kayan aikinsa daga baya, ya shiga layi. Shi ke biyan kuɗin shiga, shi ke zuwa da iyalinsa, shi ne kuma zai sayi turbo, wato na'urar da ke tura iska cikin inji, da nozul a wurin kamfanonin da ke ɗaukar nauyin gasar.

Abin takaici, akwai tsarin da aka yi dominsa, amma ba a bayyana masa. A ajin da ake kira biraket, kowa na rubuta lokacin da yake ganin motarsa za ta yi a jikin gilashi. Mai jinkiri ake fara sakewa, mai sauri ya biyo baya da tazarar da ke tsakanin lokutansu. Wanda ya yi sauri fiye da abin da ya rubuta ya faɗi. Ke nan mai akori-kurar da ba a taɓa injinta ba, mai yin kwatan mil cikin daƙiƙa 15 ko 16, zai iya kayar da wanda ya kashe dukiya, muddin ya san motarsa kuma hankalinsa na kan fitila. Haka azuzuwan da aka ƙayyade wa lokaci a gasar Outlaw Diesel Super Series, wato daƙiƙa 7.70 da 6.70 da 5.90 a mita 201: tsani ne, mutum na hawa mataki bayan mataki gwargwadon aljihunsa.

Gyaran nan ba ya cin kuɗi da yawa. A ware rabin sa'a da safe a tara sababbin shiga, a kai su bakin layi a nuna musu abin da ido ba ya gani daga wurin 'yan kallo. Ga hasken farko da taya ke yankewa, ga na biyu inci kaɗan gabansa, ga fitilu uku masu ruwan ɗorawa da ke sauka rabin daƙiƙa tsakanin kowace da 'yar'uwarta, sannan kore. A gaya musu cewa wanda ya jira ya ga kore ya makara, a kan ruwan ɗorawa ta uku ake sakin burki, wanda kuma ya yi garaje ya kunna ja ya faɗi tun bai motsa ba. A tanadi hular kwano ta aro. A koya musu karanta 'yar takardar da ake miƙa wa direba bayan ya gama, musamman lokacin ƙafa 60 na farko, domin a nan ake cin tsere ko a rasa shi. Mutumin da aka yi wa haka ranar farko zai dawo, kuma ba shi kaɗai zai dawo ba. Sannan mai sanarwa ya riƙa kiran sunansa da garinsu da sana'arsa kamar yadda yake kiran na manya.

Baƙin hayaƙi

A nan zan daɗe, domin wannan ne kuskuren da ya fi yi wa wasan illa. Shekaru da dama an ɗauki baƙin hayaƙi a matsayin alamar ƙarfi. Duk makanikin da ya san aikinsa ya san ba haka ba ne. Baƙin hayaƙi mai ne da bai samu isasshiyar iska ya ƙone ba, kuɗi ne ke fita ta salansa, ga zafin da yake tarawa wanda kan narkar da fistin. Tsofaffin injina masu famfon mai da ba kwamfuta ke sarrafa shi ba ba su da yadda za su yi, dole su yi hayaƙi kafin turbo ta ɗauka. Amma na yanzu, da kwamfuta ke auna musu mai, ga kuma iskar naitros mai taimaka wa mai ya ƙone da ake ƙara musu, suna iya gudu salansa kusan fes. Ka lura da motocin da suka fi sauri a yau, da yawansu ɗan hayaƙi kaɗan za ka gani a farkon tashi, shi ke nan.

Matsalar ba a cikin fili ta tsaya ba. Wasu matasa sun ɗauki ɗabi'ar suka fita da ita titi, suna tsayawa kusa da masu keke ko masu tafiya a ƙafa su turnuƙe su da gangan, su ɗauki bidiyo su saka a intanet. Wake ɗaya ke ɓata gari. Jihar New Jersey ta haramta wannan a 2015, Kolorado da Maryland suka bi sahu a 2017. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta sa farautar na'urorin da ke kashe matatar hayaƙi cikin manyan ayyukanta daga 2020 zuwa 2023, kamfanoni da gareji da dama suka sha tara mai nauyi. Ƙudurin dokar RPM, wanda aka fara gabatarwa a majalisa a 2016 domin halatta mayar da motar titi ta tsere, bai zama doka ba. Ka ga ke nan masu sayar da kayan gyara, waɗanda su ne masu ɗaukar nauyin gasa, suna tafiya ne a kan siraɗi.

Kuskuren masu wasan shi ne tsayawa zagin hukuma. Zagi ba ya dawo da kamfanin da ya janye tallarsa. Abin yi shi ne a raba gari da kyau: motar tsere ta zo fili a kan tirela ta koma a kan tirela, motar titi kuwa a bar mata matatarta. A buɗe aji na musamman ga motocin da ba a cire musu komai ba, a sa masa kyauta mai tsoka, domin masu gyara su yi gogayya wajen fitar da ƙarfi ba tare da hayaƙi ba. Masu ɗaukar hoto su ma su daina zaɓar hoton da ya fi duhu su sa a takardar talla. Kuma duk wanda aka gani yana turnuƙe mutane a ƙofar otal ko gidan mai a ƙarshen makon gasa, a hana shi shiga fili, ko wane ne shi. Mutanen garin da aka turnuƙe su ne za su je majalisar ƙaramar hukuma su ce ba sa son taron baɗi.

Ɓata wa mai fili rai

Filayen tsere suna ƙarewa a Amurka. Na Englishtown ya daina tseren gajeren zango a 2018, Atlanta Dragway ya rufe a 2021, na Palm Beach a 2022, Houston Raceway Park da Bandimere na Kolorado a 2023. Galibi ƙasar ce ta yi tsada, masu gina rumbunan ajiya da masana'antu suka taya. Wanda ya rage yana da zaɓin waɗanda zai ba filinsa, don haka ba ƙaramin wauta ba ne a ɓata masa.

Ka ɗauki abin da ke faruwa idan inji ya fashe a tsakiyar hanya. Hanyar nan ba kwalta ce kawai ba, an shafe ta da wani danƙo an goga mata roba har takalmi na mannewa. Injin dizal kuwa na ɗaukar baƙin mai kusan lita goma ko fiye. Direba ya ji ƙara, maimakon ya gangara gefe ya tsaya, sai ya ci gaba da turawa har ƙarshe yana tsiyayar da mai. Ma'aikata su fito da buhunan garin tsotse mai, da tsintsiya, da abin ƙona ƙasa, su kankare, su sake shafa danƙo. Rana na dukan 'yan kallo, yara sun fara kuka, iyaye na tattara kujeru. Idan haka ta faru sau uku a yini guda, taron ya mutu.

Rigakafi ya fi magani. A tilasta ɗaura bargon tare mai a ƙarƙashin inji ga duk motar da ta kai wani mataki na sauri. A zuba ruwa zalla a lagireto, domin ruwan hana daskarewa santsi gare shi kuma yana da wuyar gogewa. A kashe na'urar sanyaya mota kafin shiga layi saboda ɗigon ruwa. Mai tayar titi da ke jan ƙafa huɗu ya zagaye kwarin ruwan da ake jiƙa taya, kada ya kwaso ruwa a zanen tayarsa ya kai bakin layi. Mai duba motoci kuma kada ya ji kunyar kowa.

Ƙarfi kafin ƙashi

Sabon shiga yakan fara da abin da zai ƙara wa inji doki, ya manta da abin da zai kai dokin ƙasa. Dizal ƙarfin murɗawa gare shi tun daga ƙaramin juyi, shi ya sa giyabos ke fara mutuwa. Ko giyar Allison ce ko ta 48RE, in ba a gina ta ba ba ta jure ninkin abin da aka ƙera ta dominsa. Masu Duramax sun san yadda tayarod ke lanƙwashewa idan aka tashi da ƙarfi a ƙafa huɗu, tayoyin gaba su kalli juna. Tsarin da ya dace shi ne giya da farfela da ƙusoshin kan inji tukuna, da agogon auna zafin salansa, sannan a zo maganar ƙarin mai.

Gasar Ultimate Callout Challenge, da aka fara a 2016 kuma ake yi a Indiyana, ta nuna wannan ƙarara. Mota ɗaya ce za ta yi tsere, ta hau na'urar auna ƙarfi, ta kuma ja kaya. Lavon Miller, mai garejin Firepunk Diesel, ya lashe ukun farko a jere, kuma abin da ake koya daga irin wannan gasa shi ne sai motar da ta kai rana ta uku da ranta ake lissafawa da ita.

Batun tsaro kuwa ba na sassauci ba ne. Dokokin NHRA, ƙungiyar tseren gajeren zango da Wally Parks ya kafa a 1951, sun tanadi kejin ƙarfe ga mai yin ƙasa da daƙiƙa 10 a kwatan mil, da laimar tsayawa ga mai kaiwa mil 150 a sa'a. Akori-kura mai nauyin sama da tan uku ba ta tsayawa kamar ƙaramar mota, in ta bugi katanga ma ba irin bugu ɗaya ba ne. Sannan dizal na da nasa haɗarin: idan turbo ta fashe inji ya fara shan baƙin mansa, kashe makulli ba ya tsayar da shi, zai yi ta hauhawa har ya tarwatse. Sai an toshe masa iska. Don haka murfin yanke iska wajibi ne, haka ƙusoshi biyu da ake gittawa a bakin salansa domin tare ɓaraguzan turbo kada su faɗa kan jama'a.

Akwai kuma rarrabuwar kai. Ƙungiyoyi kan sa gasa a mako guda, ko wannan ta ce nauyin mota kaza waccan ta ce kaza, mai mota ya rasa wadda zai gina wa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su zauna a ƙarshen kaka su daidaita ranaku da ma'auni, kuma doka in an kafa ta a bar ta ta yi shekaru kafin a taɓa.

Zama a tsakar gida

Taron dizal zalla yana da daɗi, kowa ya san kowa, kamar a Scheid Diesel Extravaganza na jihar Indiyana. Amma wanda ya zo wurin ya riga ya kamu da son abin. Sabon ɗan kallo yana wurin masu fetur. Ka tuna, wancan lokaci na 3.998 ba a taron dizal aka yi shi ba, a gasar Lights Out aka yi, gaban dubban mutanen da suka zo kallon motocin fetur. Ya kamata masu dizal su riƙa zuwa daren gwaji na filin garinsu, su shiga biraket tare da kowa.

In za a je kuwa, a je da ladabin layi. Babban ƙorafin masu fetur shi ne mai dizal na daɗewa yana tara iska a turbo, abokin karawarsa na tsaye injinsa da giyarsa na zafi. Wannan a gida ake gyara shi. Direba ya yi ta gwaji har ya san daƙiƙa nawa turbonsa ke buƙata, ya fara tara iskar kafin ya yanke haske na biyu, ya kuma jira ɗan'uwansa ya yanke hasken farko kafin shi ya shige gaba. Idan motarsa mai jinkirin ɗauka ce, ya taka ya je wurin wancan direban tun suna layin jira, su gaisa, ya gaya masa.