Yadda ake ƙera mariƙin akwatin tafiya mai juyawa

Akwati mai taya biyu da mariƙin da ake zarowa, irin wanda ya cika tashoshin jirgin sama a yau, wani matuƙin jirgin Amurka mai suna Robert Plath ne ya fito da shi a 1987. Tun daga lokacin siffar mariƙin ba ta canza sosai ba: bututu biyu na alminiyom, sai sanda a gicciye a samansu. Aibin wannan siffa a wuyan hannu yake. Idan mutum ya saki hannunsa a tsaye, tafinsa cinya yake kallo. Sandar gicciye kuwa tana tilasta masa ya murɗa hannu har tafin ya kalli baya ko gaba, ya kuma ja kaya a haka tsawon tafiya. Daga nan ciwon gwiwar hannu da na kafaɗa suke farawa. Mariƙi mai juyawa yana barin hannu a yadda Allah ya ajiye shi, mariƙin ne yake bin hannun.

Wahalar aikin duka tana wuri ɗaya, wato gaɓar da mariƙin yake juyawa a kanta. Ayyuka uku ne suka haɗu a wannan ɗan wuri da bai fi faɗin babban yatsa biyu ba: ɗaukar nauyin akwati, tsayar da mariƙi a kusurwar da aka zaɓa, da kuma ba wa maɓallin zuge bututu hanya ya isar da saƙonsa ƙasa. Kowane aiki a ba shi nasa ƙarfen. Yawancin mariƙan da suke lalacewa da wuri, idan aka buɗe su, za a tarar abu ɗaya ne aka ɗora wa aiki biyu.

Nauyin da gaɓar za ta ɗauka

A fara da lissafi kafin a taɓa ƙarfe. Kamfanonin jirgin sama da yawa kilo 23 suke ba fasinja a akwati ɗaya, to a ɗauki wannan. Idan daga taya zuwa mariƙi santimita 100 ne, tsakiyar nauyin kayan kuma tana wajen santimita 35 daga taya, abin da yake sauka a hannu yayin ja wajen kilo 8 ne. Wannan ba komai ba ne. Amma ba wanda yake amfani da akwati yadda aka tsara. Za a ɗaga shi da mariƙin a hau bene, za a fizge shi daga kwata, za a ɗora masa wata jakar. Fizga ɗaya tana iya ninka nauyin. Don haka a ƙera gaɓar ta jure kilo 70, wajen ninki uku na nauyin akwatin kenan.

Kuma ba ja ne yake kashe gaɓa ba, lanƙwasa ce. Sandar ƙarfe mai kaurin milimita 12 ba za ta tsinke da kilo 70 ba. Abin da yake faruwa shi ne hannu yana danna gefe ɗaya na mariƙin, sandar ta riƙa cin bakin ramin da take ciki, ramin ya buɗe, mariƙi ya fara karkaɗa.

Sandar juyi da bushin

Sandar juyi ita ce ƙashin bayan gaɓar. A yi ta da ƙarfen da ba ya tsatsa, kauri milimita 12, a huda tsakiyarta daga sama har ƙasa da rami na milimita 5. Amfanin ramin yana zuwa nan gaba. Ƙasan sandar a kafe shi a kan bututu yadda ba zai motsa ba, samanta kuma a yi masa zare na noti.

Kada mariƙin roba ya juya kai tsaye a kan wannan sanda. Robar ABS da ake yin jikin mariƙi da ita tana da kyaun gani amma ba ta jure gogayya. A sa bushin a tsakani, wato ɗan gajeren bututun da zai kewaye sandar, na robar POM wadda aka fi sani da sunan Delrin, ko na nailan. POM ta fi, domin nailan yana shan danshin iska ya ɗan kumbura, sai a ga mariƙin da yake juyawa lafiya da rani ya cije da damina. Tsawon bushin ya kai aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurin sandar, wato milimita 18 zuwa 20. Gajeren bushin shi ne babban dalilin karkaɗa. Tazarar da ke tsakaninsa da sanda kada ta wuce milimita 0.1.

Wasu suna son saka boris a nan. Ba mu ba da wannan shawara ba. Boris na abin da yake juyawa da sauri ne, mariƙi kuwa kwata ɗaya na da'ira yake juyawa ya tsaya. Boris zai ƙara nauyi da kuɗi, ya sa juyin ya yi santsi fiye da kima, ƙura kuma tana shiga cikinsa ta zauna.

Jerin haɗawa daga ƙasa zuwa sama shi ne: wosha mai santsi ta POM, jikin mariƙi da bushin ɗinsa, wata woshar, wosha mai lanƙwasa wadda take aiki kamar sifirin, sannan noti mai zoben nailan a ciki. Woshar mai lanƙwasa ita take cinye ɗan sararin da gogewa za ta haifar bayan shekara ɗaya ko biyu. Notin kuwa dole ya zama mai kulle kansa, domin kowane juyi na mariƙi yana ƙoƙarin kwance shi. Gara ma a feƙe gefe ɗaya na saman sandar, a sa woshar ƙarfe mai rami daidai da wannan siffa a ƙarƙashin notin. Woshar ba za ta juya ba, juyin mariƙi ba zai taɓa notin ba sam.

Abin da zai tsayar da shi

Mariƙin da yake juyawa sakaka ya fi wanda ba ya juyawa muni. Duk wanda ya taɓa sauri da akwati mai taya biyu ya san yadda yake fara rawa, taya ɗaya ta tashi ta sauka, ɗayar ta karɓa, har ya kife. Masu bincike a Jami'ar Paris-Diderot ta Faransa sun yi nazarin wannan rawa a 2017. Abin da yake kwantar da ita a aikace shi ne wuyan hannun mai ja, yana murɗawa yana mayar da akwatin kan tayoyinsa. Idan gaɓar ta zama sakaka, hannu zai murɗa, akwatin bai ma sani ba. Saboda haka dole mariƙi ya kama a kusurwarsa da ɗan ƙarfi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙwayar ƙarfe da sifirin. A samo ƙwayoyin boris biyu masu kaurin milimita 5. A huda ramuka biyu a ƙasan jikin mariƙi, suna fuskantar juna, kowanne milimita 12 daga tsakiyar sanda. A kowane rami a jefa sifirin, a ɗora ƙwaya a bakinsa. A ƙarƙashinsu a kafa faifan ƙarfe wanda ba ya juyawa, a yi masa gurabe inda ƙwayoyin za su faɗa. Gurabe huɗu suna ba da tsayawa kowane digiri 90, takwas kuma kowane digiri 45. Takwas sun fi daɗin hannu, domin mutane da yawa tsakanin gicciye da miƙe hannunsu yake samun sauƙi.

Zurfin gurbi shi ne wurin da ake yawan kuskure. Milimita 1.5 ya isa, kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙwayar. Idan ya kai rabinta, ƙwayar ta faɗa kenan, ba mai fitar da ita sai an kwance. Idan bai kai milimita ɗaya ba, mariƙin zai riƙa zamewa da kansa. A yi gurbin da bakin injin huda mai kusurwar digiri 90, kowane sifirin kuma ya danna da ƙarfin kilo 2 da rabi zuwa 3. Da wannan awo, ɗan murɗi da gangan zai juya mariƙin, girgizar hanya kuwa ba za ta juya shi ba. Ƙwayoyi biyu ake sawa ba ɗaya ba, don kada dannawar ta karkata gefe guda ta cinye bushin.

Faifan gurabe ya zama ƙarfe. Idan roba ce ko alminiyom, ƙwayar za ta haƙa wa kanta hanya tsakanin gurabe cikin 'yan watanni, ƙarar "ƙas" ɗin nan da ake ji idan ya kama ta ɓace, daga nan sai sakaka.

Ga babban akwati da ake cikawa maƙil, ƙwaya da sifirin ba su isa ba. A nan kulle na haƙora ake yi: faifai biyu masu haƙora takwas-takwas da suke shiga juna, sifirin yana matse su, sai an ja wani zobe da yatsa kafin su rabu. Ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai ba a canza kusurwa ana cikin tafiya.

Hanyar maɓalli

A mariƙi na yau da kullum, danna maɓalli yana tura siririn tsinke ƙasa ta cikin bututu. Bakin tsinken yana danna wani ɗan toshe mai gangare, gangaren ya janye haƙoran kulle daga ramukan bututun waje, sai bututu ya zuge. To idan mariƙin yana juyawa, maɓallin ma yana juyawa tare da shi, tsinken kuwa yana cikin bututun da ba ya juyawa. Wuri ɗaya tak ne waɗannan biyu za su haɗu ba tare da ɗaya ya murɗe ɗaya ba: tsakiyar juyin. Ramin milimita 5 da aka huda a sanda domin wannan ne. Tsinke mai kaurin milimita 4 zai ratsa ta ciki, kansa a mulmule, maɓallin yana zaune a kansa kawai ba a ɗaure su ba. Mariƙi ya juya yadda ya ga dama, tsinken yana nan inda yake.

Maɓalli ya yi tafiyar milimita 5 ko 6, haƙoran su janye milimita 3 zuwa 4. A bar sararin milimita ɗaya tsakanin maɓalli da kan tsinke. In babu shi, ɗan motsin sama da ƙasa na mariƙi yayin da ƙwayoyi suke hawa daga gurbi zai riƙa taɓa tsinken, bututu ya zuge ana cikin tafiya.

Wannan tsari ya fi sauƙi a akwati mai bututu ɗaya. Amma bututun kada ya zama zagayayye, ya zama mai siffar ƙwai ko mai kusurwa huɗu, in ba haka ba shi kansa zai juya a cikin ɗan'uwansa, haƙoran kulle su ɗauki murɗin da ba nasu ba har ramukan su yage. Alminiyom mai lamba 6063 da kaurin bango milimita 1 zuwa 1.2 ya dace, kuma idan an zaro bututu gaba ɗaya, santimita 6 ya rage a cikin na waje. A mai bututu biyu, gada ake yi a samansu, sandar juyi ta zauna a tsakiyarta, tsinken tsakiya ya danna wata 'yar sanda da take raba turin zuwa tsinkaye biyu. Ɗan lilon da ake ji tsakanin bututu da bututu da gangan ake barinsa, shi yake hana su cijewa idan ƙura ta shiga ko bututun ya ɗan lotsa.

Mariƙin kansa ya yi kaurin milimita 30 zuwa 35, tsawo santimita 11 ko 12, tsayinsa daga ƙasa wajen mita ɗaya idan an zaro.

Sai batun mayar da shi gidansa, wanda masu zane kan manta har sai samfurin farko ya fito. Gurbin da ke saman akwati a gicciye yake, mariƙin da aka bari a digiri 45 ba zai shiga ba. Zai tsaya a waje, kuma abin da ya tsaya a waje shi ake fara karyawa wajen lodin kaya. Maganinsa a yi wa bakin gurbin gangare ta ɓangarorin biyu, yadda danna mariƙin ƙasa zai juyo da shi daidai da kansa. A kuma sa ɗan fil na milimita 3 da yake tafiya cikin tsaga mai lanƙwasa, ya taƙaita juyin a digiri 90 hagu da dama. Wannan fil ne zai tare juyin idan ya kai ƙarshe, ba ƙwayoyin ba.

Gwaji

A cika akwati da yashi a leda har kilo 23. A rataye shi da mariƙin a kowace kusurwa, a ɗaga a saki da fizga sau ɗari, sannan a duba noti da bakin bushin. A juya mariƙin sau dubu biyar a saurari ƙarar kamawar, ko ta ragu. A ja shi a sauko da shi matakala. A danna maɓalli a kowace kusurwa, domin wani lokaci yana aiki a gicciye ya ƙi a miƙe, alamar ramin sanda bai zauna a tsakiya daidai ba.

Na ƙarshe gwajin ƙura ne, kuma akwatin da zai bi tashar mota a lokacin hunturu ya fi kowanne bukatarsa. A barbaɗa wa gaɓar garin ƙasa mai laushi a ci gaba da juyawa. Giris mai kauri a nan illa ne, yana kama ƙura ya koma kamar dutsen wasa wuƙa. POM ba ta bukatar mai. Ƙwayoyin kaɗai za a ɗan shafa wa giris na silikon, a kuma yi wa jikin mariƙi leɓe na milimita 2 da zai sauko ya rufe bakin faifan ta kowane gefe.