Kurakuran da aka fi yi da sabon kwanson harsashi kafin a cika shi

Mutane da yawa suna ɗauka tunda kwanso sabo ne fil daga kamfani shikenan, a sa firaima (ɗan abin da ke gindin kwanso mai kunna albarushi) a zuba albarushi a ɗora kan harsashi. Daga nan matsala take farawa wallahi, sai ka je fili harbi ya warwatse ka kama zargin bindiga alhali laifin yana kan teburinka.

Ɗauki guda goma ka duba bakinsu a haske, za ka ga wasu sun lotse saboda gwaruwa da juna a leda. Idan ka tura kan harsashi a haka, wani wuyan zai riƙe gam wani sako-sako, gudunsu kuma ba zai zo ɗaya ba. Gyaran shi ne ka bi da kowanne ta mandirel, wato ɗan sandan ƙarfe da ake turawa cikin wuyan kwanso, ya buɗe wuyan daidai, yawanci ana so faɗin cikin wuyan ya gaza kaurin kan harsashi da kusan inci 0.002. Idan za ka sa kwanson a ƙarfen matsewa, wanda ke daidaita siffarsa, ka shafa mai kaɗan, kar ka cika, idan ya taru a kafaɗa, wato gangaren da ke ƙasan wuya, lotsa ta yake yi, idan kuma babu sam kwanson ya maƙale a cikin ƙarfen matsewa.

Sai tsawo. A kwanson harsashi nau'in .308 Winchester iyaka inci 2.015 ne, ana yankewa zuwa 2.005, a .223 Remington kuwa 1.760 ne ana yankewa 1.750. Wanda ya zarce iyaka bakinsa na iya matse kan harsashi a cikin bindiga, matsi ya hau, wannan kam haɗari ne. Bayan yanka kar ka manta goge bakin ciki da waje, in ba haka ba kaifin zai kankare jikin kan harsashin, har ɗan garin tagulla za ka gani a wuyan.

Ƴar hudar da wuta ke bi daga firaima ma wani lokaci akwai ɓurɓushin ƙarfe ta ciki, juyi ɗaya ko biyu da ƙarfen gogewa ya isa, sau ɗaya a rayuwar kwanso. Wasu sukan yi ta sassaƙar gurbin firaima har ya yi zurfi, wannan ɓata kaya ne kawai.

Wanda ya fi damuna shi ne haɗa kwanson kamfanoni daban a akwati ɗaya, kauri ba ɗaya ba, faɗin ciki ba ɗaya ba, musamman na soja da sau da yawa ya fi kauri. Ware su, rubuta lambar rukuni a jikin akwatin. Kuma kar ka yanke hukunci da harbin farko, sai kwanson ya buɗe ya ɗauki siffar cikin bindigarka tukuna, daga nan, idan bindigar da ake ɗanawa da hannu ce, ka riƙa tura kafaɗar kwanson baya inci 0.001 zuwa 0.002 kawai lokacin matsewa.