Yadda na daina faɗuwa a hannun Lancelot a War Robots

Kusan mako biyu ina shan kashi a War Robots, wasan bidiyo na yaƙin mutum-mutumi, kuma mutum-mutumi ɗaya ne ke gamawa da ni: Lancelot mai garkuwar ƙarfe a gaba, ɗauke da bindigar Thunder da makaman roka biyu na Orkan. Sai in tsaya gaba da gaba ina zuba masa Taran, makamina mai harba wuta, wuta na tashi a jikin garkuwa, jininsa ko motsi bai yi ba. Abin ya ci mini rai sosai.

Ashe laifin makamina ne. Garkuwar ƙarfe tana tare Taran, amma fashewar roka tana ratsa ta har jiki. Sai na sauya wa Griffin, mutum-mutumina mai iya tsalle, kaya, na ɗora masa makaman roka, Tulumbas biyu da Pin biyu, masu kai mita 500. Orkan ɗinsa mita 300 kawai yake kaiwa, Thunder kuma harsashinsa warwatsewa yake yi daga nesa. Ina tsayawa wajen mita 450, in juye masa rokoki, in ɓuya bayan gini har su sake cika. Tsallen Griffin kuwa na daina ɓarnatar da shi wajen kai hari, ajiye shi nake yi sai ya matso in yi baya.

Lancelot ɗin da ya ɗora Ancile, garkuwa mai kama da kumfa da ke kewaye shi, shi ne mai wuyar sha'ani, don wannan kumfar tana shanye roka. Shi kam ba na tunkararsa ni kaɗai. Ina jira abokin wasa ya ɗauke masa hankali, in zagayo da mutum-mutumi mai ɗauke da Taran ta bayansa, inda babu ƙarfe.