Kurakuran da ke kashe ƙungiyoyin manoma tun ba su je ko'ina ba

Kusan duk ƙauyen da ka shiga a Kano ko Jigawa ko Kebbi za ka tarar da ƙungiyar manoma, wata har da satifiket da hatimi, amma ka tambayi yaushe rabonsu da mitin sai kowa ya kama sosa ƙeya. Matsalar tun daga kafuwa take, an ji za a raba taki ko bashi sai aka yi maza aka haɗa sunaye. Da aka ƙaddamar da Anchor Borrowers, shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, a Kebbi a 2015 ƙungiyoyi sun yi ta ɓullowa, mutane da yawa suka ɗauki bashin kamar rabonsu ne na gwamnati, kuɗi na ƙarewa ƙungiya ta watse. Ku fara da abin da aljihunku zai iya, ku yi adashi ku sari taki tun kafin ruwa ya sauka ya yi tsada, ku dawo da gayya lokacin girbi, in tallafi ya zo ya same ku kuna aikinku.

Wanda ya fi ci min rai shi ne a tara manoma zalla a ce an haɗa kai. To wa zai saya, wa zai ɗauka? Dubi tumatir a Kadawa da Kura da Garun Malam, kowa ya dasa lokaci ɗaya kowa ya tsinka lokaci ɗaya, kasuwa ta cika kwando ya faɗi warwas, wanda aka lodawa mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas kuma na ƙasa ya dame kafin a isa saboda an ɗora kwando kan kwando. Kamfanin tumatir na Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ya sha tsayawa, wani lokaci babu isasshen tumatir, wani lokaci ba a daidaita kan farashi ba, don in kasuwa ta yi sama manomi can zai kai kayansa. Maganinsa a zauna tun kafin a yi reno, da dillali da direba da mai kamfani, a rubuta farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba da yadda za a ƙara in kasuwa ta tashi, a raba lokacin dashe tsakanin membobi, a haɗa kuɗi a yi hayar kiret na roba. Kuma don Allah a daina ɗaukar dillali a matsayin abokin gaba kawai, shi ya san inda ake neman kaya yau.

Sai sayar da komai da kaka, sannan da bazara ka dawo kana awon geron da ka sayar da araha. 'Yan uwanmu na Nijar sun daɗe da dabarar magance wannan, ƙungiya ta zuba hatsinta a sito a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen ƙungiya ɗaya wajen mai ba da bashi, a karɓi rance a yi sana'ar rani, in farashi ya tashi a biya a buɗe. Wake kuma a zuba a buhun PICS mai ninki uku da ke hana iska shiga a ɗaure da kyau, ba sai an barbaɗa maganin ƙwari ba.

Kuɗi a aljihun ciyaman shi kaɗai, wannan kam ba sai an ja magana ba. A buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi da baki a kowane mitin saboda waɗanda ba sa karatu, a tura hoton rasit a guruf ɗin WhatsApp.

Mata fa? Su ke turara shinkafa su ke matsar man gyaɗa su yi ƙuli-ƙuli, wato su ne kwastomominku na farko, amma sai a sa mitin bayan isha'i a ƙofar gidan mai gari inda ba za su zo ba. Ku sa lokacin da zai yi musu, ko a ba wakilansu kujera da ƙuri'a. Haka makiyaya, a kira arɗo tun kafin kaka a tsayar da ranar sakin gona, shanu su ci kara su bar muku taki.