Yadda za ka haɗa batir irin na Volta da hannunka

Kafin ka taɓa komai bari in ɗan ba ka labarin, don batir ɗin nan daga gardama a kan ƙafar kwaɗo ya samo asali. Wani likita ne a Bologna can Italiya, Luigi Galvani, ya lura in ya soke ƙafar kwaɗon da aka feɗe da ƙugiyar tagulla ta zo ta taɓa baƙin ƙarfe sai ta zabura kamar mai rai, a 1791 ya wallafa cewa wutar lantarkin da ke zaburar da ƙafar a jikin dabbar take. Alessandro Volta na jami'ar Pavia ya ce ina, ƙarfe iri biyu ne da danshin da ke tsakaninsu, kwaɗon nunawa kawai yake. Sai ya cire kwaɗo ya sa jiƙaƙƙen kwali, a 1800 ya aika wa ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, Royal Society, bayanin abin.

To shi za mu yi. Nemo jan ƙarfe, guntun bututun firij ma ya isa ka buge shi da guduma ya baje, sai tutiya, wato yankan sabon kwanon rufi wanda bai yi tsatsa ba. Yanka su kamar faɗin kwabo, biyar-biyar, ka goge jan ƙarfen da samfefa har ya yi ƙyalli. Kwanon kar ka goge shi da ƙarfi, tutiyar a sama-sama take.

Jiƙa gishiri a ruwa sosai, ka tsoma yankan kwali ka matse shi kaɗan. Nan fa mutane ke ɓata aikin, in kwalin na ɗiga ruwan ya gangara ta gefe ya haɗa sama da ƙasa shikenan ba za ka ga komai ba, damshi ake so ba jagab ba. Sai jeri: jan ƙarfe, kwali, kwano, ka sake jan ƙarfe kai tsaye a kan kwanon, kwali, kwano, haka har hawa biyar. Kowane hawa bai kai volt 1 ba shi ya sa ake tarawa. Ɗauko ƙaramin jan ƙwan LED, doguwar ƙafar ta bi waya zuwa jan ƙarfen ƙasa, gajerar ta taɓa kwanon sama, ka shiga ɗaki mai duhu ka duba. In bai kama ba juya ƙafafun.

Amma don Allah in kana nuna wa yara kar ka ce musu Galvani kuskure ya yi, ni abin nan na damuna. Bayan shekaru wani masanin Italiya, Carlo Matteucci, ya auna wutar a naman kwaɗo da na'ura, kuma jijiyoyinmu da ita suke aiki. Shi kansa Volta ya kwatanta jerin nasa da gaɓar da kifin teku mai jan wuta ke da ita, wadda ita ma hawa-hawa take, kuma ka tambayi duk masuncin da minjirya ta taɓa ja a kogin Kwara ko tafkin Chadi ya gaya maka yadda hannu ke sagewa.