Yadda ake daidaita faɗin jikin dakaru a World Editor na Warcraft III

Duk wanda ya taɓa ƙera taswira a Warcraft III, wasan da kamfanin Blizzard ya fitar a 2002, ya san takaicin nan: ka gina gada mai kyau, ka turo dakaru, sai su cushe a bakinta, na gaba ya kasa shiga, na baya suna ta kewaye. Sau da yawa laifin wata lamba ce guda, wadda ke gaya wa wasan yawan filin da jikin kowane soja ya tare.

Hoton soja daban, jikinsa na gaske daban. Za ka iya kumbura hoton dodo har ya kai tsayin bishiya, amma idan ba ka taɓa lambar ba, wasan yana lissafa shi da faɗinsa na asali.

Da farko buɗe taswirarka a World Editor, manhajar ƙera taswira da ke zuwa tare da wasan, ka danna F6 don shiga Object Editor, inda ake gyara siffofin dakaru. A sashen Units ka zaɓi sojan. Shawarata, kada ka taɓa na asali. Danna masa maɓallin dama na linzami, ka ƙirƙiri sabo a kansa, ka yi gyaranka a can. Sai ka gangara jerin da ke dama har ka ga layin Pathing - Collision Size, ka danna sau biyu, ka rubuta lambar.

To, wace lamba? A nan ake yawan tuntuɓe. Wasan ya raba ƙasa gurbi-gurbi kamar na dara, kowane gurbi faɗinsa 32, kuma da waɗannan gurabe yake nema wa soja hanya. Mai lamba 0 zuwa 15 gurbi ɗaya yake buƙata. Daga 16 zuwa 31, gurbi biyu a tsaye biyu a kwance. Daga 32 zuwa 47 uku-uku, daga 48 zuwa sama huɗu-huɗu. Ka ga ke nan wajen wuce lungu babu bambanci tsakanin 20 da 30, amma tsakanin 31 da 32 akwai gurbi guda cur. Shi ya sa Footman (sojan ƙasa) mai 31 ke ratsa mashigar da Knight (sojan doki) mai 32 zai tsaya a bakinta yana dube-dube.

Saboda haka auna mashigar kafin ka zaɓi lamba. Koma babban allon taswira ka danna P, wuraren da ba a takawa za su fito da launi, ka kuma danna G don layukan awo su bayyana. Falen ƙasa (tile) ɗaya faɗinsa 128 ne, wato gurbi huɗu. A taswirar kare hanya da hasumiyoyi, inda abokan gaba ke kwararowa da yawa, ni nakan sa musu ƙasa da 16 don su riƙa tafiya ba cunkoso.

Sifili ba ya mayar da soja iska, har yanzu zai yi karo da 'yan uwansa. Idan so kake ya ratsa komai, akwai umarnin Unit - Turn Collision On/Off a Trigger Editor, inda ake tsara umarnin wasan, sai dai ka yi hattara, domin zai bi ta kan tsauni da bishiyoyi ma. Gine-gine kuwa da layin Pathing Map suke tare hanya, don haka can za ka nufa idan hasumiya ce ta toshe wuri.

Bayan ka gama, daidaita Art - Scaling Value da Art - Selection Scale don hoton da da'irar da ke ƙarƙashin ƙafarsa su dace da sabon faɗin. Ina ba wannan muhimmanci sosai, saboda ɗan wasa da ido yake auna inda sojansa zai iya wucewa.

Sai gwaji. Jera dakarun kamar guda 12, iya abin da tsohon wasan ke bari a zaɓa lokaci guda, ka danna Ctrl da F9 don buɗe taswirar cikin wasan, ka tura su ta mashiga mafi ƙunci a taswirar. Idan suka maƙale, rage lambar ta faɗo ajin da ke ƙasa, ko ka ƙara wa mashigar gurbi ɗaya.